Me Ya Sa Waƙar Ibadar Da Baƙin Ciki Ya Haifa Ta Fi Ratsa Zuciya?

Wata baiwar Allah mazauniyar unguwar Barnawa a Kaduna ta aiko mini da tambaya, ga kuma gundarin abin da ta faɗa. Maƙwabciyarta Kirista ta rasa ɗanta saurayi, ita kuma ta shiga yi mata gaisuwa, ta iske matan zumunta na coci zaune a tsakar gida suna rera waƙa, sai kawai ta ji hawaye ya ƙwace mata, alhali ita Musulma ce kuma ba ta taɓa jin waƙar ba. Bayan wata biyar ita ma mai tambayar mahaifiyarta ta rasu. Ta ce duk nasihar da masu ta'aziyya suka yi mata ta bayan kunnenta ta bi, kuma har yau babu abin da ke sanyaya mata rai in dare ya yi sai baitocin Imfiraji waɗanda tsohuwar take rerawa tana tsintar shinkafa. Tambayarta ita ce: wane irin ƙarfi ne ke cikin waƙoƙin ibada da wahala ta haifa, na ruhi ne ko kuwa raunin zuciya ne kawai, kuma shin jinginar da ta yi da su ba alamar ƙarancin tawakkali ba ce?

Malama, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa mutuwa hutu ce a gare ta, ya ba ki haƙurin rashinta. Na yi shekara sama da 30 ina koyar da waƙar baka da rubutacciyar waƙa, kuma aikin ya sa na zauna da rikoda a zawiyoyi da majami'u da gidajen makoki, tun daga Tudun Wada da Rigasa har Sabon Tasha da Kakuri, saboda haka abin da zan gaya miki ya haɗa abin da na karanta da abin da kunnena ya jiye mini. Hukuncin kiɗa da kayan kiɗa magana ce ta malaman fiƙihu, kuma kowa a garin nan ya san sun daɗe suna saɓani a kanta, tun kafin a kafa Izala a 1978 har zuwa yau. Ni a kan waƙar kanta zan tsaya, da yadda take aiki a jikin mai rera ta da mai sauraronta.

Ki fara cire wa ranki zaton cewa wahala ce da kanta take da wannan ƙarfi. Wahala zalla ba waƙa take haifarwa ba, abin da ta fi haifarwa shi ne gajiya da ƙunci da shiru, kuma na san mutanen da rikicin garin nan ya cinye musu iyali, waɗanda har suka koma ga Allah ba su ƙara buɗe baki a kan abin ba. Aikin waƙar ibada shi ne ta ɗauki kuka, wanda a asalinsa ba shi da gaba ba shi da baya, ta juya fuskarsa ga wanda ake da yaƙinin yana ji. A taƙaice, tana ba kuka alƙibla. Mai kuka shi kaɗai a ɗaki “wayyo ni” yake cewa, mai waƙar ibada kuwa “ya Ubangiji dube ni” yake cewa. Zafin ɗaya ne, hawayen ma ɗaya ne, amma na farkon yana kewaya kansa ne kamar ruwan da ya rasa magudana, na biyun ya sami wanda zai kai wa ƙara.

Tushen wannan a wurinmu Musulmi yana cikin Suratu Yusuf. Annabi Yakubu, alaihissalam, shi ne ya ce haƙuri kyakkyawa zai yi, har sau biyu a cikin surar, kuma shi ɗin ne dai ya yi ta baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Da 'ya'yansa suka ce zai halaka kansa da ambaton Yusufu, sai ya amsa musu, a aya ta 86, cewa shi ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Ki lura bai musa cewa yana baƙin ciki ba, kuma Alƙur'ani bai zarge shi da ƙarancin tawakkali ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya ya zubar da hawaye, ya ce ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za a faɗi komai ba sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwar jahiliyya, wato marin fuska da yage tufafi da maganganun tuhumar ƙaddara. Tsakanin wancan kuka da aka hana da kuma bushewar ido da wasu ke zaton ita ce imani akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan ne waƙoƙin da kike tambaya a kansu suke zaune. Ko a haƙan ramin Handaƙu, shekara ta 5 bayan hijira, Buhari ya ruwaito cewa sahabbai suna haƙa cikin sanyi da yunwa, Annabi ya ɗaga murya da baitin cewa babu rayuwa sai ta lahira yana nema musu gafara, su kuma suka amsa masa da baitin mubaya'arsu. Bayarwa da amshi ke nan, a bakin mutanen da cikinsu ba komai kuma maƙiya na tafe.

A wajen Yahudawa da Kiristoci kuwa littafin Zabura shi ne rumbun irin wannan waƙa, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na waƙoƙinsa 150 koke-koke ne. Ta 137 ta fito ne daga bakin mutanen da aka kwasa zuwa Babila bayan rushe Urushalima, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Suna cewa sun rataye garayunsu a kan itatuwa, domin waɗanda suka kamo su sun ce su yi musu waƙa, su kuwa suna tambayar yadda za a yi su rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa, sai ga shi ƙin yin waƙar da kansa ya zama waƙa. Ta 88 ta fi ta tsanani, domin da kuka ta fara kuma da duhu ta ƙare, babu baitin samun sauƙi a cikinta, amma duk da haka aka bar ta a littafin ibada, saboda daga farkonta har ƙarshenta da Allah take magana.

Misalin da ya fi kowanne fito da maganar nan fili shi ne na bayin da aka kwashe daga Afirka zuwa Amurka, waɗanda yawan zuriyarsu da ke cikin bauta ya kusa miliyan 4 a ƙidayar 1860. A jihohin kudu da dama doka ta hana a koya musu karatu, kuma a Karolina ta Kudu, bayan tawayen da bayi suka yi a Stono a 1739, an yi dokar 1740 wadda ta hana su ganga da ƙaho don kada su kira juna da su. Sai suka koma ga abin da ba a iya ƙwacewa, wato murya da tafi da dukan ƙasa da ƙafa. Sukan taru da dare a daji ko a wata bukka, ɗaya ya bayar sauran su amsa, suna zagayawa a da'ira suna jan ƙafa, tsarin da duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ko ya ga 'yan gayya a gona zai gane shi nan take. Littafi Mai Tsarki na Kiristoci da iyayen gijinsu ke sa a karanta musu, ana nanata musu wurin da aka ce bayi su yi biyayya, daga cikinsa ne su kuma suka tsamo labarin Musa da Fir'auna, da Daniyel a ramin zakuna, da Yunusa a cikin kifi, da ƙetare kogin Urdun. Wannan zaɓi ba na masu raunin zuciya ba ne. Mutumin da doka ta lissafa shi cikin dukiya tare da alfadari da garma, in ya miƙe yana rera cewa Allahn da ya ceci Daniyel ba zai manta da shi ba, to ya riga ya ƙaryata dokar a cikin ransa tun kafin a soke ta a 1865.

Frederick Douglass, wanda aka haifa bawa a Maryland ya kuma tsere a 1838, ya rubuta a tarihin rayuwarsa na 1845 cewa ya yi mamakin samun mutane a arewacin ƙasar suna ɗaukar waƙar bayi a matsayin shaidar cewa suna jin daɗi. Ya ce bayi sun fi yin waƙa a lokacin da baƙin ciki ya fi yi musu yawa, kuma tana rage musu nauyi ne kamar yadda hawaye ke rage wa zuciya mai ciwo. Da bauta ta ƙare, 'ya'yan bayin ba su so fito da waƙoƙin a bainar jama'a ba, domin a ganinsu sirrin iyayensu ne kuma tabon abin da suke son mantawa ne. Ɗalibai tara na Jami'ar Fisk da ke Nashville, waɗanda suka fita yawon neman kuɗin ceto makarantarsu a watan Oktoba na 1871, da waƙoƙin Turawa suka fara, sai da suka ga yadda waƙoƙin iyayensu ke kama masu sauraro sannan suka sa su a gaba. A 1873 sun rera wa Sarauniya Victoria a Ingila, kuma kuɗin da suka tara ne ya gina wa makarantar babban gininta na farko, wanda yake tsaye har yau. Mutanen da ba su taɓa tsinkar auduga ƙarƙashin bulala ba, waƙar ta ratsa su, kamar yadda waƙar matan zumunta ta ratsa ki ba tare da kin san ta ba, domin babu ɗan Adam ɗin da bai san rashi ba, kuma kunne yana gane muryar wanda da gaske yake kuka tun kafin ya tantance kalmominsa. Daga wannan jijiya ce mawaƙin coci Thomas Dorsey ya fito, wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa a Shikago a 1932, jaririn ma ya bi ta, shi kuma ya yi waƙar da yake roƙon Ubangiji ya riƙe hannunsa. Ita ce mawaƙiya Mahalia Jackson ta rera a jana'izar Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, a 1968.

Mu dawo gida, domin abin da mahaifiyarki ta bar miki yana da nasa dogon asali. Burda da ake karantawa a maulidi, Imam Busiri na Masar ne ya yi ta a ƙarni na 13, kuma labarin da aka gada shi ne ya yi ta ne yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ya ga Annabi a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka ya warke. Baitocinta wajen 160 ne, amma baiti na farko ba da yabo ya buɗe ba, da hawayen da ya gauraye da jini ya buɗe. Kafin ita akwai ƙasidar Munfarija ta Ibnun Nahwi, mutumin Tozar a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a 1119, kuma shi masifar ce ma yake yi wa magana kai tsaye, yana ce mata ta ƙara tsananta domin yayewarta ta kusa, darenta ya yi shelar wayewar gari. Bahaushe ya ce komai nisan dare gari zai waye, to wannan ita ce maganar, sai dai an ɗora ta a kan kari. Daga tushen kalmar nan ta Larabci mai nufin yayewar ƙunci sunan Imfiraji ya fito. Mai ita, Aliyu Namangi na Zariya, an haife shi a 1894, ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya rayu har 1990, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Bege ne da wa'azi da tunatar da mutuwa, daga bakin mutumin da yake kwatanta hasken Annabi alhali hasken rana ma an ɗauke masa. Nana Asma'u 'yar Shehu ita ma ta bar marsiyyoyi masu yawa, har da ta ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837 da ta mijinta Waziri Giɗaɗo da ya rasu a 1851, kuma babu wanda ya isa ya ce 'yar Shehu ba ta san tawakkali ba.

Shekarun baya nakan tsaya a tashar Kawo don sauraron wani makaho dattijo wanda jikansa ke yi wa jagora. Sanda a hannun dama, hannun hagu a kafaɗar yaron, sai ya bari mota ta cika, direba ya shiga lissafi da ɗan kamasho, sannan ya matso jikin taga ya ɗauko baitin Imfiraji da murya can sama, ya riƙa saukowa da ita a hankali har ta ƙare a maƙogwaro kamar ajiyar zuciya, yaron ya karɓe da siririyar muryarsa. Wata rana na ga wani ɗan kasuwa da ke ta faɗa a waya a kan bashi ya yi shiru a tsakiyar magana, ya sauke wayar a cinyarsa ba tare da ya kashe ta ba, wancan na can yana ta “halo, halo”, har baitin ya ƙare. Da na tambayi dattijon dalilin da ya sa ya fi riƙe wannan waƙa a kan sauran, sai ya ce mini mai ita bai ga rana ba, shi ma bai gan ta ba, shi ya sa ta zauna a bakinsa. A nan amsar abin da ya hana nasihar masu ta'aziyya shiga kunnenki take. Sun faɗi gaskiya, amma daga waje suka faɗe ta, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waƙar da aka yi a cikin ƙunci kuwa daga cikin ɗakin take magana, kuma zuciya tana karɓar “yi haƙuri” daga wanda ta san ya sha irin ɗacin da take sha.

Akwai ɓangaren da jiki ke takawa, kuma bai kamata a raina shi ba. Baƙin ciki yana gajarta numfashi, mai kuka yana shaƙa da sauri yana fitarwa a gutsure. Baiti kuwa yana da tsawon da dole a cika shi, sai an ja numfashi sosai an sake shi a hankali kafin a kai amsa-amo, kuma fitar da numfashi a hankali yana rage gudun bugun zuciya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 2013 ya nuna cewa in mutane suna rera waƙa tare, bugun zukatansu yakan riƙa hawa da sauka a lokaci guda, saboda numfashinsu ya bi ma'auni ɗaya. Hausa kuma tana da dogayen gaɓoɓi da gajeru kamar Larabci, shi ya sa karuruwan aruli suka zauna mata daram, kuma tana da karin sautin da jimla ke farawa sama ta riƙa gangarowa, wanda waƙoƙin bege suke bi sau da ƙafa. A nan zan ɗan yi ratse in faɗi abin da na daɗe ina lura da shi a majami'un garin nan. Waƙoƙin da 'yan mishan suka fassara suka ɗora a kan karin Turawa suna da masoyansu, amma sau da yawa karin yana take sautin kalmar Hausa, ya ja gajeriyar gaɓa ya datse doguwa. In aka zo gidan makoki, waƙoƙin da matan zumunta suka ƙaga da kansu, da tulu da caki da kuge, su ne ke sa tsakar gida ta ɗauka, domin karinsu daga bakin maganar yau da kullum ya fito. Sai kuma amshi, wanda a ganina shi ne rahamar da ta fi girma a tsarin. Uwar mamaci ba sai ta iya cewa komai ba, in muryarta ta sarƙe sauran mata suna riƙe mata waƙar har ta dawo.

A watan Fabrairu na 2000, lokacin rikicin Kaduna, ni da iyalina muna cikin dubban mutanen da suka kwana a filin wani bariki, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka, hayaƙi yana tashi daga unguwanni, ba wanda ya san halin da na gida ke ciki. Can cikin dare na biyu wata tsohuwa da ke kusa da tabarmarmu, wadda tun rana take neman labarin ɗanta, ta fara bege a hankali, kamar mai rarrashin jariri, mata biyu ko uku suka riƙa amsa mata. Ba a jima ba daga ɗaya gefen filin wasu mata suka ɗauki tasu waƙar ta coci, babu tulu babu caki, cinyoyinsu kawai suke bugawa. Babu wanda ya ce wa wani ya yi shiru. Yaran da suka wuni suna kuka suka yi barci, ni ma na ji ƙirjina ya saki a karo na farko tun da abin ya fara. Ban ce waƙa ta sulhunta kowa ba, domin bayan nan garin ya rabu, kogi ya zama iyaka, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Abin da na gani da idona shi ne mutanen da ba su da abinci ba su da labarin 'yan'uwansu sun sami abin da ya kai su asuba da hankalinsu.

To, na ruhi ne ko na jiki? Numfashi da bugun zuciya na'ura tana iya auna su, kuma 'yan kallon ƙwallo ma in suna waƙa tare a filin wasa na Ahmadu Bello suna samun wani abu daga wannan. Bambancin yana ga wanda ake magana da shi da kuma abin da ake gaya masa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a littafinsa Ihya'u kan sauraro, inda ya kwatanta abin da ke ɓoye a zuciya da wutar da ke ɓoye a ƙarfe da dutse, sauraro kuma shi ne ƙyastawar da ke fito da ita. Ma'ana waƙa ba ta zuba wa zuciya abin da babu shi a cikinta, abin da ke ciki take tayarwa. In Imfiraji ta tayar miki da begen Annabi da tuna lahira da yi wa mahaifiyarki addu'a, to abin da ke cikinki ke nan tun farko, baƙin ciki ne ya danne shi.

Wannan maganar ta Gazali ita ce kuma take sa in yi miki kashedi, domin ba kowace waƙa mai sa kuka ce take da alƙibla ba. Yanzu a situdiyo ana iya ƙera kuka, a sa fiyano mai taushi, a ja murya da na'ura har ta yi rawa, a cusa sunan Allah a ciki, a sake ta a waya. Irin wannan takan sa hawaye, amma in ta ƙare sai mutum ya ji ya fi da nauyi, yana neman ya sake kunna ta kamar mai susar ƙaiƙayi. Wadda ta fi ta haɗari ita ce wadda ta juya fuskarta daga Allah ta koma kan maƙiyi. Zabura ta 137 da na ambata da addu'ar ramuwa mai tsanani ta ƙare, kuma mu a Kaduna mun san yadda waƙar makoki ke iya rikiɗewa ta zama ta zuga, a masallaci ko a coci, in mai bayarwa ya fara lissafa “su” da “mu”. Haka kuma kyawun waƙa ba ya wanke zaluncin da ya haife ta. Waƙoƙin bayin Amurka ba su mai da bauta alheri ba, kuma mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, waɗanda jirgin soja mara matuƙi ya jefa wa bam bisa kuskure suna tsakiyar maulidi ranar 3 ga Disamba 2023, har aka rasa aƙalla mutum 85, duk marsiyyar da za a yi musu ba za ta maye gurbin haƙƙinsu ba. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. In waƙa ta ƙare, ki duba ko kin fi iya tashi ki yi alwala, ki ɗora tukunya, ki amsa sallamar maƙwabta, ko kuwa kin fi son rufe ƙofa.

Saboda haka ban ga ƙarancin tawakkali a abin da kike yi ba, sai dai ina da gyara a kan yadda kike yin sa. Daga bayaninki na fahimci ke kaɗai kike maimaita baitocin a zuci in kowa ya yi barci, alhali waƙar nan don a ɗaga murya aka yi ta, kuma don a amsa. Ki rera ta a fili, da rana, kina aikinki kamar yadda tsohuwar take yi, ki koya wa 'ya'yanki su riƙa karɓa miki, in kin kai ƙarshe ki rufe da yi mata addu'a da sunanta, domin addu'ar ɗa nagari tana cikin abin da ke isa ga mamaci. In kuma watanni suka ci gaba da tafiya barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, ko kika fara jin rayuwar ta fita daga ranki, to wannan ya wuce aikin waƙa, ki ga likita, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a unguwarku, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Ki kuma koma wajen maƙwabciyarki, ita ma har yanzu tana cikin nata, ki tambaye ta abin da waƙar ranar nan take cewa, na tabbata za ta so a tambaye ta. Baitocin da suka ɓace miki za ki same su a littafin da aka buga a Zariya, amma karin da mahaifiyarki take yi ba ya cikin littafi, don haka ki nemi ɗaya daga cikin ƙawayenta da suka yi zamani tare, ki kai mata goro, ta rera miki ki ɗauka a wayarki tun tana da ƙarfin murya.